Musayar Waƙa: Keck, Madubi Mai Faci 36

Ɗan Kurmi: Jama'a, yau baitinmu kan tagwayen madubin hangen taurari na Keck ne, da ke Hawai a Amurka. Amsa-amo "wa". Mai iyawa ya shigo.

A ƙolin dutsen Mauna Kea tagwayen ke tsayuwa,
Sama da mita 4,000, gajimare na ƙasa yana wucewa.
Faɗin kowanne mita 10 in za ka aunawa,
Hasken ido da na zafin da ba a gani, duk suna kamawa.
Babban a 1993 ya soma leƙawa,
Ƙanensa a 1996 ya zo yana biyowa.

Gwaggo Mai Tsini:
Ɗana, sassauta, ka cika zugawa,
Na ji madubin faci ne, kana ta ɓoyewa.
Guntaye 36 aka bi ana jerawa,
Fasasshen madubi ko amarya ba ta karɓawa!

Malam Na Bayan Allo:
Gwaggo, a gafarce ni, wannan ba ya cikin fashewa,
Gilashi guda mai girman nan, nauyinsa ke lanƙwasawa.
Masani Jerry Nelson ya ce a yi ƙanana, a zo ana haɗawa,
Kusurwa shida-shida, gefe da gefe suna mannewa.
Injuna 168 a bayansu suna turawa,
Sau biyu a daƙiƙa kwamfuta tana daidaitawa.
Masana da dama sun ce abin ba mai yiwuwa,
Gidauniyar Keck a 1985 ta ce tana biyawa,
Dala miliyan 70, ba ta tsaya tayawa.

Gwaggo Mai Tsini: To Malam, an kashe kuɗi. Me aka gano?

Ɗan Kurmi:
Masaniya Andrea Ghez da Keck ta yi shekaru tana bibiyawa,
Taurarin tsakiyar gungun da ranarmu ke ciki da gudu suna kewayawa.
Abin da suke zagaye, ido ba ya hangowa,
Baƙin rami ne mai haɗiye ko haske, nauyin rana sau miliyan 4 yake kaiwa.
Kyautar Nobel ta 2020, da ita aka yi rabawa.

Gwaggo Mai Tsini:
Na sallama kan facin, amma ban gama faɗawa,
Dutsen nan 'yan asalin Hawai suna girmamawa.
A 2019 sun tare hanya, dattawansu na zaunawa,
Don wani madubin mai mita 30 da ake son ginawa.
Har da tsofaffi 'yan sanda suka yi ta kamawa,
Malam, a wane baiti za ka sa su? Ina saurarawa.