Abin da za a duba a jikin keke kafin a fita

A hirar da aka yi tsakanin masu hawan keke don motsa jiki da masu gyara, maganar kaca ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ta cancanta. Da yawa suna tsiyaya mata baƙin mai har ya riƙa ɗiga, sai ƙurar hunturu ta manne, ta riƙa cin ƙarfen a hankali. Masu gyara suka ce a goge ta da tsumma da ɗan kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, sannan a share ragowar.

Iska kuwa, adadin da taya ke buƙata yana rubuce a gefenta. Kafin a mayar da tub bayan faci, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar takan maƙale a nan ta sake hudawa.

An ɗan yi saɓani kan tsayin sirdi, amma mafi yawa sun ce gwiwa ta ɗan lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa. A gwada birki biyun tun daga ƙofar gida. Ruwa, famfo, kayan faci da hular kwano kuwa, kada a fita babu su.