Muhawara: Tabon ƙuruciya ne ke kai mutum kurkuku?

Dakta Rabi: Ni a gani na, gyaran fursunan da bai taɓo abin da aka yi masa yana yaro ba aikin baban giwa ne. A kurkukun Parc na Wales an yi wa maza 468 tambayoyi, rahoton ya fito a 2019: kashi 46 cikin ɗari sun sha aƙalla iri huɗu na wahalar ƙuruciya, kamar duka, lalata, ko tashi a gidan mashayi. Yaron da ya girma cikin fargaba jikinsa kullum a ɗane yake. A kalle shi kawai sai ya ga barazana, hannu ya riga tunani.

Malam Sani: Dakta, daga ƙofar kurkuku kika fara ƙirga, shi ya sa. Fara daga yaran. Wata mai bincike, Cathy Widom, a Amurka ta bi diddigin yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zalinsu ko an yi watsi da su. Haɗarin shiga hannun hukuma ya ƙaru, ban musa ba, amma mafi yawansu ba a taɓa kama su da laifin tashin hankali ba.

Barista Hauwa: Kuma kada a manta da wanda aka sara. Tarihin mai laifi yana iya jawo sassauci wurin yanke hukunci, amma ba ya wanke shi.

Dakta Rabi: Barista, ban ce a sake shi ba. Cewa na yi a bi tsari. Da farko a samar masa da aminci da barci, a raba shi da ƙwaya. Sannan a koya masa gane alamun jikinsa kafin ya fashe: bugun zuciya, dunƙule hannu, zafin fuska. Sai daga baya a taɓo tsohon ciwon. Kuskuren da ake yi shi ne a sa shi ya amayar da komai a zaman farko, a mayar da shi ɗaki mai cunkoso. Daren nan ko ya yi faɗa, ko ya ji wa kansa rauni.

Malam Sani: Wannan kam na yarda. Sai dai warkar da tabo daban, hana sake laifi daban. Abin da masana halayyar masu laifi Andrews da Bonta suka tsara a Kanada ya fi tsayawa: a auna haɗarin kowa, a ba masu haɗari sosai kaso mafi tsoka na darussan gyaran hali, a tunkari abokan banza, shaye-shaye, zaman kashe wando da tunanin "shi ya ja". In aka cakuɗa ƙaramin mai laifi da riƙaƙƙu, ƙara lalacewa yake yi. Tsoratarwa ma ba ta aiki; shirin Scared Straight, da ake kai matasa kurkuku su ga uwar bari, ƙara musu laifi ya yi.

Barista Hauwa: Duk ku biyun kun tsallake ɗakin kaɗaici. Dokokin Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun hana a ware mutum awa 22 a rana fiye da kwana 15 a jere. Wanda kulle a ɗaki ne azabarsa ta ƙuruciya, me kuke zato zai fito da shi?

Dakta Rabi: To Malam, a horon naka, mutumin da ba ya iya zama ya ba ƙofa baya, ta yaya zai saurari darasin awa biyu?

Malam Sani: A juya masa kujera, a rage zaman, a gaya masa kafin a taɓa shi wurin bincike. Amma darasin yana nan.