Keke mai inji: haƙora nawa kuka sa a faifan baya?

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 na jingine babur, daga baya na sayi ƙaramin injin nan na China da ake ɗaura wa keke, wanda ake rubuta 80cc a kwalinsa. Ya zo da faifan sarƙa na baya mai haƙora 44. Kekena Phoenix ne mai taya 28, hanyata kuma daga Samaru zuwa Sabon Gari, kwalta ce. Damuwata ita ce da na miƙa hanya sai injin ya dinga ihu, jijjiga har tafin hannuna ya mutu. Wani ya ce in sa mai 36, wai zan ƙara gudu kuma ihun ya ragu. Kafin in kashe kuɗi, waɗanda suka gwada ku faɗa mana abin da kuka gani.

Wani daga Kano:
Wa alaikumus salam. Ni 36 nake amfani da shi kuma ba na komawa. Amma ka san Kano ba tudu, ni kuma ba ni da jiki, kayana ba ya wuce jakar aiki. A miƙaƙƙiyar hanya injin yana tafiya cikin natsuwa, mai ma ya fi daɗewa. Inda nake shan wahala shi ne cunkoso. Injin nan ba giya gare shi ba, sai ka tuƙa feda keken ya ɗauki gudu sannan ka saki kuloci. Da 36 sai ka tuƙa sosai, in ka saki da wuri ya yi ta fizga ko ya mutu. Duk tsayawar danja motsa jiki ce.

Wani daga Jos:
Malam, kada mutumin Kano ya ruɗe ka. Na hau na abokina mai 36 a nan, muna isa hawa na ba shi wuta har ƙarshe, sai gurnani yake yana ja da baya, ƙarshe da ƙafata na ƙarasa. Nawa 50 ne. A shimfiɗaɗɗen wuri masu 44 suna wuce ni, a kan tudu kuma ni nake musu sallama.

Mai gyaran babur, Kaduna:
Duk ku biyun gaskiya kuka faɗa, kowa da hanyarsa. Bari in kawo lissafin, don na buɗe cikin injin nan na ƙirga. Akwai ƙaramin haƙori mai 20 da ke juya babba mai 82 a wajen kuloci, wato an rage juyi sau 4.1 tun a ciki. Ƙaramin faifan gaba mai jan sarƙa haƙoransa 10. Idan na baya 44 ne, ka ninka 4.1 da 4.4, ya ba ka 18. Ma'ana sai inji ya juya sau 18 kafin taya ta zaga sau ɗaya. Da 36 kusan sau 15 ne, da 56 kusan sau 23.

Abin da mutane ke mantawa shi ne girman taya. Yawancin lissafin da kuke gani a intanet na taya 26 ne, naka kuwa 28, zagayenta kusan mita 2.2. To 44 a kan Phoenix kamar 41 ne a kan ƙaramin keke. Ka riga ka yi rabin tafiya zuwa inda kake son zuwa.

A kekenka, in kana gudun kilomita 40 a awa, da 44 injin yana juyi kusan 5,500 a minti, da 40 kusan 5,000, da 36 kusan 4,500. Ihun da kake ji a sama-saman nan yake. Amma 36 ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. A takarda zai kai ka sama da kilomita 50, a kan titi kuwa in kana da nauyi ko iska tana tunkuɗo ka, injin ba zai iya hawa juyin da zai ba ka wannan gudun ba. Na ga wanda ya sa 36 gudunsa ya ragu. Kuma 80cc ɗin nan suna ne kawai, in ka auna bai wuce 66 zuwa 69 ba.

Wani daga Maraɗi:
Mu nan ba a maganar gudu. Da an sauka daga kwalta rairai ne, ni kuma jarka biyu ta ruwa nake ɗaurawa a kariya. Da 44 kuloci ne ya dinga zamewa har ka ji ƙauri. Na sa 56, yana ja kamar jaki, ba sauri ba tsayawa. Sai dai isansi, wato fetur, ya fi tafiya, kuma in na hau babbar hanya ba na matsa masa, don zafi yake yi da wuri. Abin da ya fi cin kuɗina sifok ne, suna ta karyewa a gefen da faifan yake.

Mai gyaran keke, Katsina:
Ɗan'uwa na Maraɗi, karyewar nan ba daga yawan haƙora kaɗai take ba. Faifan ai a jikin sifok ake matse shi, da roba biyu da noti tara, duk ƙarfin inji ta nan yake bi. In an ɗaure wani noti fiye da wani sai faifan ya karkace, sarƙa ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani. Ina ɗaga ƙafar baya in juya ta, in riƙe alli kusa da haƙoran, inda ya taɓa nan ne ya leƙo. Ana ɗaure notin kaɗan-kaɗan, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba a bin su a jere. Mai ɗaukar kaya irinka ya sa sifok masu kauri, in kuma ka samu ƙarfen da ke kama cibiyar ƙafar kai tsaye, ka huta. Ku kuma riƙa duba ɗan garen da ke miƙe sarƙa. In ya juya ya shiga cikin sifok kana tafe, ƙasa za ka sha.

Wani dattijo, Funtuwa:
Yara, duk kuna ta lissafin tashi, ban ji mai lissafin tsayawa ba. Keken da yaron nan ya ambata birkin sanda gare shi, roba ce ke kama ƙarfen taya. An yi shi ne don gudun ƙafar mutum. Ranar da aka yi ruwa, ko akuya ta ɓullo maka kana kilomita 50, me za ka matsa? Nawa 44 ɗin da ya zo da shi ne, ba na kai totur ƙarshe, ihun ma ba na jin sa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba, wannan magana ta shige ni. Jikina ba irin na mutumin Kano ba ne, kuma wani lokaci nakan ɗauko rabin buhun masara, don haka 36 ya fita. Ina ganin 40 zan nema, ba don gudu ba, don hannuna ya sarara. Malam na Kaduna, sarƙar da ke kai za ta yi, ko sai na sayi wata?

Mai gyaran babur, Kaduna:
Za ta yi. Daga 44 zuwa 40 kusan gaɓa biyu za ka cire, wani lokaci ma matsar da garen kawai ya isa. In ka tashi sayen wata, lamba 415 ce, ta keke ba ta hawa haƙoran. Ka tafi da tsohon faifan kasuwa ka ɗora shi a kan sabon, don ramin tsakiya da ramukan noti ba duka suke zuwa ɗaya ba. Gaɓar da ka cire kuma kada ka yar, ka ajiye ta tare da 44 ɗin.

Wani daga Jos:
Ka ajiye kam. In aiki ya kawo ka Filato za ka neme shi.