Abin da masu amfani da Poser da Daz Studio ke nema

Masu amfani da Poser da Daz Studio, manhajojin zanen mutum-mutumi na 3D a kwamfuta, sun tattauna abin da suke so a gyara musu, kuma tattaunawar ta fi zafi a kan farashi. Masu zanen mutum-mutumi a kwamfuta don nishaɗi, waɗanda ba sa samun ko sisi daga aikin, sun ce bai dace a saka musu kuɗi ɗaya da ƙwararrun da ke cin abinci da shi ba. Daz Studio kyauta ake sauke shi tun 2012, amma wasu sun ja hankali cewa kuɗin yana tafiya ne wajen sayen gashi, tufafi da siffofin Genesis (mutum-mutumin da Daz ke samarwa), har ya wuce kuɗin Poser, wanda ake saya kai tsaye. Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a rage wa tsofaffin masu saye kuɗin sabuntawa, kuma kada a mayar da manhajar Poser ta biyan wata-wata. A ganina wannan ita ce gaskiyar magana, domin mai yin abu don sha'awa yakan ajiye shi watanni.

A ɓangaren gyara kuwa, kukan saurin fitar da hoto ya fi yawa. Iray, injin fitar da hoto da Daz ke amfani da shi, yana son katin hoto na kamfanin NVIDIA, mai ƙaramar kwamfuta sai ya kwana yana jira. SuperFly, injin fitar da hoto na Poser, da aka gina bisa injin Cycles na manhajar Blender, shi ma an nemi a ƙara masa sauri.

Da yawa sun roƙi kamfanin Bondware, da ya karɓi Poser a 2019, ya sa kayan da suka saya tun da can su ci gaba da aiki a sabon fitowa.