Koyon nutso da tulun iska don aikin ceto a Dadin Kowa: Legas ko Masar?

Abu Safwan, Deba

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ƙungiyar sa-kai ta matasanmu na son tura mutum biyu su koyo nutso da tulun iska. Dalili shi ne, idan kwalekwale ya kife ko ruwa ya ci mutum a dam ɗin Dadin Kowa da ke jihar Gombe, masunta ne ke shiga nema, kuma da numfashin ƙirjinsu kawai suke shiga. Wasu sun ce a tura yaran Legas, wasu sun ce Masar ta fi. Shin takardar da ake bayarwa a nan da ta can ɗaya ce? Wanne horon ya fi aminci? Kuɗin da aka tara na mutum biyu ne kacal, ba ma so a zubar da shi a banza.

Malam Buba

Wa'alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Allah ya saka muku da alheri.

Takardar ɗaya ce, in dai malamin na gaskiya ne. Ƙungiyoyi irin su PADI da SSI da CMAS su ke tsara manhajar, ba ƙasar da aka yi karatun ba. Matakin farko na PADI, wanda suke kira Open Water, ko a Legas ko a Dahab ta Masar abu guda ake nema: ninƙayar mita 200 ba tsayawa, zama a saman ruwa minti 10, darasi biyar a kududdufin ninƙaya, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Wanda ya ci, iyakarsa mita 18. Mataki na gaba ya kai shi mita 30. Kowane malami yana da lambar rajista, ku karɓa ku bincika a shafin ƙungiyar kafin ku biya ko sisi. Wanda ya ce zai ba da takarda a wuni ɗaya, ku bar shi.

Bambancin yana wajen abin da ke kewaye da darasin. A Masar akwai hukumar CDWS da ke duba cibiyoyin nutso kafin a ba su lasisi, kuma akwai ɗakin matsi na jinyar masu nutso a Sharm el-Sheikh da Dahab da Hurghada. A nan gida harkar ta fi ƙarfi a ɓangaren kamfanonin mai a Kudu, don haka mai koyo shi zai sa wa kansa ido.

Abu na farko da za a sa wa ido shi ne iskar da ke cikin tulun. Ba oksijin ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse. Idan kwamfuresa tana zuƙar iska kusa da salansar janareta, hayaƙin zai shiga tulu. Gubar kabon monoksaid ba ta da wari, kuma a mita 20 duk shaƙa ɗaya mutum na ɗaukar ninki uku na abin da zai ɗauka a sama. Ƙa'idar Turai ta EN 12021 ba ta yarda gubar ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Ku nemi takardar gwajin iska, ku duba wuyan tulu ku ga tambarin gwajin matsi, wanda bai kamata ya wuce shekara 5 ba. Kwamfuresar mai faci kuwa, ko kusa kada a kai ta.

Ga lissafin da dole ɗalibi ya iya da ka. Tulu mai lita 12 a kan bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) yana ɗauke da lita 2,400. A ware bar 50 na ajiya, saura lita 1,800. Mai shaƙar lita 20 a minti a sama, lita 60 zai sha a mita 20. Minti 30 ke nan, in hankalinsa a kwance yake. Mai neman gawa a duhu yana iya shan ninki biyu.

In da hali, ni Masar zan zaɓa don matakin farko.

Injiniya Yunusa, Bauchi

Malam Buba, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake, amma a kan shawarar ƙarshe ban bi ka ba. Takardar da ka bayyana ta yawon buɗe ido ce. An tsara ta don mutum biyu su shiga ruwa garau su kalli kifi su fito. A Bahar Maliya mutum na hango abin da ke mita 20 gabansa. Ruwan kogin Gongola, wanda aka tare a Dadin Kowa, da damina kuwa, tafin hannunka ma ba ka gani, da laluɓe ake aiki. Yaron da ya dawo daga Dahab da kati a aljihu zai ɗauka ya iya, jama'a a bakin ruwa za su matsa masa ya shiga, kuma abin da ke jiransa a ƙasa ba a koya masa ba.

Na farko, jan ruwa. Dadin Kowa na da tashar lantarki mai megawat 40, ga ƙofofin sakin ruwa da na noman rani. Duk inda ruwa ke wucewa ta wata kafa daga wuri mai zurfi, yana zuƙar abin da ya kusance shi, kuma daga nesa ba a jin komai. Bututu mai faɗin santimita 30 a zurfin mita 5 yana riƙe mutum da ƙarfin da ya kai kilo 350, nauyin buhun siminti bakwai. Ba mai ƙwatar kansa, kuma jan igiya daga sama ba ya cire shi. Ƙa'ida ita ce ba a shiga kusa da bangon dam sai masu kula da shi sun rufe ƙofofi, an sa kwaɗo, makullin yana hannun shugaban masu nutso har kowa ya fito.

Na biyu, kalli da mamari da masunta suka bari, da busassun itatuwan da ruwa ya haɗiye. Zaren kalli ba ya ganuwa, yakan naɗe kan tulu ta baya inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa ake ɗaukar abin yanka biyu, wuƙa da almakashi, a wurare daban-daban a jiki. Ga kuma dorina, wadda duk mutanen Dadin Kowa sun san da zamanta.

Horon da ya dace da wannan shi ne na nutson aiki. Afirka ta Kudu ta raba shi aji-aji: aji na huɗu tulu ne zuwa mita 30, aji na uku iska ce ta tiyo daga sama zuwa mita 30, aji na biyu zuwa mita 50. Ingila na aiki da dokar nutson aiki ta 1997. Mu ma muna da dokar nutson aiki ta 2018 a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, kuma cibiyar horar da ma'aikatan mai ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tana koyar da nutson aiki. A tsarin IMCA, ƙungiyar kamfanonin aikin teku ta duniya, wanda kamfanonin mai ke bi, mafi ƙarancin tawaga mutum biyar ne: shugaba, mai nutso, mai jiran ko-ta-kwana sanye da kayansa, da mai riƙe igiyar kowannensu. Mutum biyu ba su isa ba, Malam Abu Safwan, ko ina suka yi karatu.

Kuma a faɗi gaskiya: kafin a ɗaura kaya a iso wurin, galibi aikin ya koma na ɗauko gawa. Babu dalilin gaggawar da zai sa a rasa rai na biyu.

Dakta Hauwa

Kafin maganar makaranta, a fara da asibiti. Mai sikila ba ya nutso. Haka mai farfaɗiya, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa. Mai asma da wanda ya yi tarin fuka sai likita ya gwada huhunsa tukuna. A waje ana cike takardar tambayoyin lafiya kafin darasi, a nan ma ku dage a yi, har da gwajin jini.

Haɗari biyu ne manya. Wanda ya shaƙi iskar tulu a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa ta fasa huhu, kuma ko daga mita 2 hakan na faruwa. Ina jin tsoron wannan ga masuntanmu, domin riƙe numfashi ya zame musu jiki. Kada a taɓa miƙa wa masunci bakin shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Na biyu, naitirojin da ke narkewa a jini, wanda ke zama kumfa idan an taso da sauri. Ana tasowa kimanin mita 9 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5.

Alamomin su ne ciwon gaɓoɓi, mutuwar jiki, jiri, kasa fitsari ko rikicewar magana. A kwantar da shi, a sa masa oksijin zalla lita 15 a minti, kada a mayar da shi ruwa da sunan magani. Ainihin maganin ɗakin matsi ne, inda zama ɗaya ke cin kusan awa biyar, kuma daga Gombe zuwa inda ake da shi tafiya ce mai nisa. Jirgin sama ma yana ƙara cutar. Mai lafiya kansa, kafin ya hau jirgi, sai ya jira awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Hawa tudu ma haka ne: Jos ta kai mita 1,200, Bauchi kusan 600, alhali jadawalin nutso na yau da kullum, mai nuna tsawon lokacin da za a iya zama a kowane zurfi, iyakar tudunsa mita 300. Masu aiki a dam ɗin Gubi na Bauchi sai da jadawalin tudu.

Masu shiga ruwan dam kuma su riƙa gwajin tsargiya lokaci-lokaci.

Abu Safwan, Deba

Allah ya ƙara ilimi. To Injiniya, da kuɗin da ke hannu, me za mu fara yi?

Injiniya Yunusa, Bauchi

Kuɗin jirgin Masar na mutum biyu, ku sayi rigunan ceto na masu kwalekwale da shi, da igiyar jefawa, da tulun oksijin da abin shaƙarsa, a kuma koya wa mutum goma taimakon farko da danna ƙirji. Sauran, bayan gwajin da Dakta ta faɗa, a tura biyun su yi matakin farko a Legas wurin malamin da aka tantance lambarsa. Idan sun dawo, ba su da izinin shiga dam tukuna: sai sun ƙara horon nema a ruwa mai duhu da igiya, an haɗa tawagar biyar, an zauna da masu kula da dam da Sarkin Ruwa an rubuta yadda za a riƙa rufe ƙofofi. Ko a lokacin, kada su wuce mita 10, kuma ba nutso da dare.