Su wa ke biyan kuɗin binciken lafiya, kuma ta ina mai farawa zai shiga?

Likitar Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni likita ce a sashen yara na wani asibitin gwamnati, kuma shekarata ta uku ke nan ina duba masu cutar sikila duk ranar Talata. A tsawon wannan lokaci na cika littattafan rajista biyu da bayanan yaran da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki, har na fara lura cewa yawancinsu sai da ƙafa ko hannu ya daina motsi sannan aka kawo su. Ina so in mayar da wannan lura bincike mai tsari, amma kuɗin gwaje-gwaje da na mai shigar da bayanai sun fi ƙarfin albashina. Nakan ji ana ambaton NIH da Wellcome da TETFund. Shin mutum irina yana iya neman tallafinsu kai tsaye, ko kuwa akwai wata hanya da ake bi?

Malamin Jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne manyan hukumomin nan ba sa ba mutum kuɗi a hannunsa, jami'arsa ko asibitinsa suke ba, domin a can ne ake da ofishin kuɗi da za a iya bincikar littattafansa. NIH hukumar binciken lafiya ce ta gwamnatin Amurka, hedikwatarta tana Bethesda a jihar Maryland, tana da cibiyoyi 27 a ƙarƙashinta, kuma a 'yan shekarun nan kasafinta ya kai wajen dala biliyan 47 a shekara, wanda mafi yawansa ake rabawa ga jami'o'i ta hanyar gasa. Reshenta da ya fi kula da horar da masu bincike daga ƙasashe irin namu shi ne Cibiyar Fogarty, wadda aka kafa a 1968. Ita kuwa Wellcome gidauniya ce mai zaman kanta a Landan, an kafa ta a 1936 da dukiyar da Henry Wellcome, wani attajirin mai haɗa magunguna, ya bari a wasiyyarsa.

Abin da kike son nazari a kansa ma ya taɓa samun irin wannan tallafi a ƙasarmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na Kano da Kaduna sun haɗa gwiwa da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, da kuɗin NIH, suka riƙa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara masu sikila da na'urar sauti, domin a gano waɗanda ke cikin haɗari tun kafin shanyewar ta zo. Suka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220, wasu a ƙaramin awo wasu a matsakaici, sakamakon da aka buga a 2022 kuma bai nuna wani bambanci tsakanin awon biyu ba wajen kare yaran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyayen da ke sayen magani daga aljihunsu. Shawarata ita ce ki nemi irin waɗannan mutane ki shiga cikin ayarinsu, ki fitar da takarda ɗaya ko biyu da sunanki a ciki, domin masu tantance buƙatu suna fara duba abin da mai nema ya riga ya wallafa. Sai dai ki sani cewa a watan Mayun 2025 NIH ta sauya ƙa'idarta game da kuɗin da jami'o'in Amurka ke miƙa wa abokan aikinsu na waje, ayyuka da yawa a Afirka kuma sun jigata saboda haka.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da ja a kan a fara ɗaga kai zuwa waje. 'Yata, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓar tambayar da za a amsa, shi ke sa ranar da za a gama. Na yi shekaru a wani aiki da ake ɗaukar nauyinsa daga ƙetare. Muna da firinjin da ke ajiye jini a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifili, da janareta biyu da ake ba su man dizal ba fashi. Wata uku bayan wa'adin tallafin ya cika, man ya ƙare, na shigo wata safiyar Litinin na tarar da ruwa yana ɗiga daga ƙofar firinjin, samfurin jinin da muka yi shekara huɗu muna tarawa ya narke. Ba laifin masu ba da tallafin ba ne, sun cika alkawarinsu, mu ne ba mu tanadi abin da zai riƙe aikin bayansu ba.

Don haka ki fara duba gida. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati a Nijeriya wadda dokar 2011 ta kafa, tana samun kuɗinta daga harajin da ake cirewa cikin ribar kamfanoni, kuma tana da asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa. Akwai Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya a Yaba ta Legas, akwai ta nazarin ciwon barci da sammore a Kaduna, akwai kuma NIPRD, cibiyar binciken magunguna, a Idu ta Abuja. Wannan ta ƙarshe ce ta sarrafa Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, daga tsirran da suka haɗa da masoro da kanumfari da ganyen karan dafi, abubuwan da kowace uwa ta sani a kasuwa. An fito da shi kasuwa a 2006, amma kamfanin da aka ba izinin yin sa ya durƙushe bayan shekara biyu, maganin ya yi wuyar samu. Ilimin ya wadatar, abin da ya gaza shi ne jarin da zai kai shi hannun majinyata.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba kowane tallafin waje ne ke tafiya da tambayarsa ba. A 2001 Gidauniyar Gates ta ba Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH dala miliyan 70 don samar da rigakafin sanƙarau, jami'an lafiya na Afirka kuma suka nuna cewa ba za su iya sayen allurar da ta wuce rabin dala ba. A kan wannan sharaɗi wani kamfanin Indiya ya yi MenAfriVac, aka fara yi wa jama'a a Barkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, nau'in A na cutar, wanda a da yake addabarmu duk lokacin zafi, ya kusa ɓacewa. A nan Nijar cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana cikin masu auna ruwan ƙashin baya don a san nau'in da ke yawo.

Dakta, abin da zan ƙara miki shi ne batun izini. Tun bayan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano a 1996, wanda ya kai ga shari'a da sulhun dala miliyan 75 a 2009, ba wanda zai ɗauki bincike kan yara da wasa. Ki samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku kafin ki fara ciro bayanai daga waɗancan littattafai don wallafawa, kuma takardar neman yardar iyaye ta kasance da Hausar da za su fahimta.

Likitar Yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai ni ma'aikaciyar asibitin jiha ce, ba ta jami'a ba. Shin hakan bai rufe mini ƙofar TETFund ba?

Malamin Jami'a ya amsa:

Bai rufe ba, Dakta, amma ba ke za ki jagoranci neman ba, domin asusun na manyan makarantun gwamnati ne, jagoran kuma sai ya kasance ma'aikacinsu. Ki nemi wani malami a tsangayar likitanci mafi kusa da ku ya tsaya a gaba, ke ki shiga a matsayin abokiyar bincike mai riƙe da majinyata. Kafin ki same shi, ki tsara shafi biyu da za su nuna yawan yaran da ke cikin rajistarki, da shekarunsu, da adadin waɗanda suka samu shanyewar, ba tare da sunan ko ɗaya ba, sannan ki rubuta tambaya ɗaya tak da kike so a amsa.