Abin da na tsinta daga hirar ciwon suga da maganin gargajiya

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, don masu tambaya sun yi yawa.

Ganyen da aka fi ambata su ne zogale, shuwaka, garafuni da darbejiya, sai hulba da kirfa. Masu shan hulba sun ce suna jiƙa ta da daddare su sha ruwan da safe kafin karin kumallo, kuma gaskiya ita da kirfa an yi bincike a kansu an ga suna ɗan sauke suga, amma fa ɗan kaɗan ne, babu wanda ke warkar da ciwon gaba ɗaya. Shi kansa metformin, ƙwayar maganin suga da likita ke rubutawa, asalinsa daga wani tsiro ne na Turai, don haka ba raina ganye ake ba.

Inda aka fi jan kunne shi ne masu ajiye maganin asibiti ko allurar insulin su koma jiƙo, wallahi wannan ne ke kai mutane ga ciwon ƙoda da gyambon ƙafa. Haɗa su biyun ma ba tare da likita ya sani ba yana iya faɗar da suga ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwajin suga, mutum ya fara gumi da karkarwa da jiri, in haka ta faru a ba shi abu mai zaƙi nan take.

A sayi na'urar gwaji a riƙa dubawa da safe. Mai ciki ta bar hulba. Zuma kuma dan Allah a kiyaye, tana ɗaga suga ita ma.